Inda Na Yanke Lemun Auta

Gidanmu shi ne na biyu daga ƙarshe a unguwarmu, ta ɓangaren da Birnin Gwari ke fuskantar daji. Bayan katangarmu akwai wani fili da mahaifinmu ya bar mana, daga shi sai rafi, daga rafi kuma sai itatuwa har inda ido ya gaji. Filin nan muke kira lambu. Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina mai lambu ba, malamin firamare ne ni, abin da hannuna ya sani alli ne da jan biro. Mai lambun shi ne autanmu, wanda na girma da shekara goma sha tara.

Auta mutum ne mai sanyin hali, amma in ya shiga lambu sai ya zama wani. Nan kaɗai yake iya yi mini faɗa, ni da nake yi wa kowa. Wata rana ya kama ni ina kwarara bokitin ruwa a gindin gwanda, ya ce, "Yaya, wanka kake yi mata? Ba a nan take sha ba." Ya ɗauki fartanya ya zagaye ta da ɗan kwari, taku guda daga gindin, ya ce a nan saiwoyi masu sha suke, ruwan da ya kwanta a jikin gindi ruɓa kawai yake kawowa. Ya hana a yi ban ruwa da rana tsaka, sai da safe ko bayan la'asar. Ya hana ruwan wanki mai omo, amma ruwan wankin shinkafa da na alwala duk nasa ne, har tsohuwar roba ya ajiye mana a bakin rariya don tara su. Kashin shanu kuwa daga ruga yake ɗauko shi a bayan babur, wurin wani Bafulatani abokin mahaifinmu, kuma ba ya zuba shi ɗanye. Sai ya tara shi a rami, ya rufe da ƙasa, ya bar shi ya shekara, domin a cewarsa ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ni ina jin duk wannan da kunne ɗaya, ina ce masa ya bar ni da surutun ciyawa.

Akwai kuɓewa a lambun, da yakuwa, da alayyahu, da attaruhu, da jeren zogale da ya yi shinge da su. Amma abin alfaharinsa lemun zaƙi ne guda ɗaya da ke tsakiya. Ba daga ƙwallon lemun zaƙi ya tashe shi ba. Ƙwallon lemun tsami ya shuka, irin manyan nan masu kaushin ɓawo, don su ne masu jure fari da ciwon ƙasa. Da ya shekara biyu sai ya kira wani dattijo ɗan Gbagyi daga wani ƙauye can gefen Damari, wanda ya iya yi wa itace aure. Dattijon ya zo da ɗan reshe daga lemun gidansa, ya ciri ido ɗaya, wato ɗan gurbin da tsiro ke fitowa, ya ɗora a jikin na tsamin, sama ta zama zaƙi, ƙasa ta zauna tsami. Ranar ina makaranta. Ko da ina gida ma ba zan tsaya kallo ba, gaskiya ke nan.

Lemun ya yi 'ya'ya sau biyu a gaban Auta. Ban taɓa shan irinsa ba. Ɓawo siriri, ruwa kamar an matsa rake, ƙwallo bai fi uku ba. Na farko da ya nuna Inna ya kai wa, mahaifiyarmu, ya ɓare mata da hannunsa, don lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani.

Sai wata Laraba da safe ya hau babur zai je gonarmu ta hanyar Damari ya ɗauko sauran irin doya. Da azahar masu wucewa suka ga babur ɗin kwance a gefen hanya, takalminsa ƙafa ɗaya a kusa da shi. Shi ke nan labarin. Mutanen daji sukan kira dangin wanda suka ɗauka, mu ba a kira mu ba. Na yi wata uku wayata ba ta bar hannuna ba, ko a aji tana aljihun gaba. Na bi duk wanda aka ce ya kuɓuto, na kwatanta musu shi, dogo, mai tabo a haɓa. Wani ya ce kamar ya gani, wani ya ce bai gani ba. Ba gawa, ba saƙo.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika fuskantata da magana ba. In tana da abin faɗa mini sai ta faɗa wa iska, ni kuma in tsinta. Ba ta taɓa yin kuka a gabana ba. Abin da ta yi shi ne, kwana bakwai da ɓatansa, bayan sallar asuba da gari ya waye, ta ɗauki butarta da sandarta ta lalubi ƙofar baya. Na bi ta. Ta tsaya a gaban lemun ta ce, "In ya dawo ya tarar abinsa ya bushe, me za a ce masa?" Daga ranar ban ruwan lemun ya koma hannunta. Buta huɗu kullum, kuma a cikin kwarin nan take zubawa, ba a gindi ba, ashe ita tana sauraronsa lokacin da ni nake toshe kunne. Inna mace ce mai ibada, da wani ya ce mata ran ɗanta yana jikin itace da ta ce ya yi istigfari. Ajiya ce kawai aka bar mata, kuma tana so ta miƙa ta ga mai ita yadda ya bar ta.

Damina ta biyu da ɓatan Auta, mutanen daji suka shigo wata unguwa kusa da tamu da la'asar sakaliya. Ta cikin masara suka biyo, ba wanda ya gan su sai da suka iso bakin gidaje. Washegari mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Aka yanke cewa duk gidan da ke bakin gari, daga katanga zuwa rafi, kada a bar wani abu da ya wuce ƙugun mutum tsawo. Masara, dawa, ayaba, itace, duk a sare, don masu gadi da ke kan soro su riƙa hango har bakin ruwa. Na miƙe, da yake bakina ba ya shiru, na ce wane irin ɓarawo ne zai ɓuya a bayan lemu guda ɗaya? Na fara kawo hujja kamar ina gaban aji. Sai wani maƙwabcinmu, wanda aka binne ɗansa da safen nan, ya ɗago kai ya dube ni. Na nemi wuri na zauna.

'Yan sa-kai suka ce za su zo da adduna. Na ce a'a, lemun ƙanena ba wanda zai taɓa shi sai ni. Na ari zarto wurin kafinta. Ban tambayi kowa ba, kuma ga dattijon nan ɗan Gbagyi a cikin gari, ƙauyensu ya watse ya dawo wurin 'yarsa, tafiyar minti goma daga gidanmu. Amma me zan tambaya? Na sha ganin Auta yana datse zogale daidai ƙugu, yana cewa in ka bar shi ya yi tsawo ganyen na tsuntsaye ne, in ka datse shi sai ya yi rassa ya cika. Na ce to ai itace itace ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi, da ban san komai ba da na je na tambaya.

Na shiga na faɗa wa Inna cewa aski kawai za a yi masa, zai tofo ya fi da. Ta ce wa bango, "A dai yi a hankali." Na tsaya a jikin itacen na auna da ƙuguna, na ja layi da alli, na yanka. Har gicciye na yi wa yankan don kada ruwan sama ya kwanta a kai, na shafa toka, ina jin kaina gwani. Samarin unguwa suka ja rassan suka haɗa da karan masara, bayan kwana biyu aka cinna musu wuta a bakin rafi.

Mako uku sai ga tsiro. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kututturen nan ya fashe da kore ta kowane gefe. Inna ta shafa da hannu ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni ma na ji kamar an sauke mini dutse. Na dage da kula da shi. Da ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe suka taru a sabon ganye suna naɗe shi, na daka ganyen darbejiya na jiƙa ya kwana, na tace na yayyafa da tsintsiya, yadda na ga Auta yana yi. Na baza ɓawon gyaɗa a kwarin don ƙasa ta riƙe laima. Abin da na ƙi koya yana nan, na koya da ba ya nan.

Wata Lahadi dattijon ya biyo daga coci don ya gaida Inna. Da suka gama gaisawa ya ce bari ya ga ɗansa, haka yake kiran lemun. Na kai shi baya ina jiran yabo. Ya tsaya daga nesa. Ya matso, ya zagaya kututturen sau ɗaya, ya tsinki ganye ya murje a tafin hannu ya shinshina. Sannan ya miƙo mini hannun.

"Malam, shaƙa."

Na shaƙa. Ƙamshi mai kaifi, irin na lemun da ake matsawa a koko.

"Ina kan itacen?" in ji shi.

Na ce an ƙone.

"Duka?"

Na ce duka.

Ya ɗora hannu a ƙirjinsa, daidai inda aljihun riga yake. "A nan na yi auren. Ƙanenka ya ce in yi a sama, saboda awakin unguwa. In an yi a ƙasa suna cinye idon. Kai ka yanke a nan." Ya sauke hannun zuwa ƙugu. Tsakanin wuraren biyu bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Ya ce da na duba da na ga wurin, akwai ɗan kumburi kamar gwiwa, launin ɓawo ma yana canzawa daga nan. Duk mai yanke itace mai aure sai ya nemi gwiwar nan tukuna ya yanke a samanta, abin da ya fito daga ƙasanta kuwa ba naka ba ne, tsige shi ake yi. Ya kama wani reshe ya nuna mini ƙayoyi, dogaye kamar allurar ɗinkin buhu, waɗanda na yi ta gani ina cewa ƙarfin taki ne. Ya ce, "Da ka zo ranar, ko reshe ɗaya kamar yatsa ka ajiye mini a cikin jiƙaƙƙen tsumma, da mun mayar."

Na tambaye shi uwar lemun, wadda ya ciro idon daga jikinta. Ya ce tana tsakar gidansa a ƙauye, in ba a sare ta ba. Mu duka mun san su wa ke kwana a gidan nan yanzu.

Na ji kunya, na ji haushi, har na so in ɗora wa wani. Na ɗora wa mai unguwa, na ɗora wa awaki, na ɗora wa Auta da bai taɓa faɗa mini ba. Amma zarton a hannuna yake. Abin da ya fi ci mini rai, dokar ba ta yi shekara ba. Da aka girke jami'an tsaro a bakin rafi sai kowa ya ci gaba da shuka abin da ya ga dama, ayabar maƙwabta ta dawo ta wuce katanga. Na roƙi dattijon kada ya faɗa wa Inna. Ya ce shi ba zai faɗa ba, amma itace ba ya riƙe sirri.

Muka yi shawara mu sake auren da kowane lemun zaƙi muka samu, ko ba irin wancan ba. Tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, don haka ni zan yi, shi yana gaya mini. Aka samo reshe daga gidan wani ma'aikacin asibiti. Za ka zaɓi reshe mai kaurin fensir a jikin na tsamin, ka tsaga ɓawonsa da sabuwar reza, tsaga ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye a samanta. Ka feƙo ido daga reshen zaƙin da ɗan ɓawonsa, ba ka taɓa cikin da yatsa, ka ɗaga leɓen tsagar ka zura shi, ka naɗe da zaren leda sosai don kada ruwa ya shiga. Bayan mako uku ka kwance. In idon kore ne ya kama, in ya yi baƙi sai haƙuri. Na farko na yi shi cikin gaggawa a tsakiyar rani, ɓawon ya ƙi ɗaguwa, na yi ta ƙwaƙula har na ji masa ciwo. Dattijon ya gaya mini in jira ruwa ya sauka, lokacin da ɓawo ke saluɓewa da kansa, ban jira ba. Ido huɗu na sa, duka huɗun suka yi baƙi.

Da damina ta faɗi na sake. Wannan karon biyu suka kama. Na ga ɗan tsiro kamar kunnen ɓera ya leƙo, wallahi sai da na yi sujada a cikin lambun. Duk wannan ina yin sa ne lokacin da Inna ke barcin hantsi, kamar ɓarawo a gidan ubansa. Tsiron ya kai tsawon yatsa. Wata ranar kasuwa na dawo daga makaranta na tarar an bar ƙofar shinge a buɗe, akuyar maƙwabta tana tsaye da ƙafafun gaba a kan kututturen tana tauna. Na jefe ta da takalmi, na bi ta har titi ina zagi, mutane suna kallon malamin makaranta da ƙafa ɗaya ba takalmi. Da na dawo na duba, ko alamar idon ba ta bari ba.

Kafin in yi na uku itacen ya riga ni. Wata safiya a farkon damina ta gaba, ina ɗaura agogo zan fita, sai na ji Inna daga tsakar gida tana cewa, "Ana jin abin da nake ji kuwa?" Ƙamshin fure ne ya cika gidan. Ta riga ta kai ƙofar baya da sandarta. Na same ta ta kama reshe tana shinshinawa, ƙaya ta karce mata bayan hannu har da jini, ba ta ma kula ba. Fuskarta na ga ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ranar Larabar nan. Ta ce, "Bana zai sha abinsa."

Na yi niyyar tsige furannin, ba zan ɓoye ba. Na ma fara, na cika aljihu ɗaya. Amma da suka ƙulla sai ta shiga ƙirga su da hannu kowace safiya, reshe bayan reshe, tana faɗin adadin da ƙarfi. Ranar da iska ta kakkaɓe guda biyu ba ta ci abincin rana ba. Daga nan na janye hannuna. Na zauna ina kallon su suna girma, manya, masu ƙuraje a ɓawo, kowa ya gani ya san ko mene ne, sai ita. Matata ta ce in faɗa wa Inna tun kafin ta ji tsamin a bakinta. Na ce gobe. Goben nan na yi ta ja har aka yi girbi.

Ranar wata Juma'a ce, bayan mun dawo daga masallaci. Tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta, ga lemu guda ɗaya a cinyarta, ta tsinko da kanta. Ya yi rawaya sosai. Ta ce wa iska, "A ɓare mini." Na tsuguna a gabanta na sa wuƙa. Ɓawon kauri gare shi, ƙamshin tsamin ya tashi ya cika wurin, na san ta ji, don makaho ba ya rasa hanci. Na ciri ɓari ɗaya na sa mata a hannu.

Ta sa a baki. Na ga muƙamuƙinta ya tsaya, idanunta farare suka kawo ruwa. Ba ta tofar ba. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta fitar da ƙwallayen a tafin hannu, sun fi goma. Ta daɗe tana juya su da yatsa. Sannan ta juyo da fuskarta gare ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, ta ce, "Bai nuna ba."

Na ce, "Inna..."

"Bai nuna ba. An yi saurin tsinka. A bar sauran, kada kowa ya taɓa."

Ba a taɓa ba. Suka yi rawaya, suka yi laushi, suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Ni nake riga ta fita in tsince su in jefa bayan shinge, don kada ta taka ta zame. Ta daina ƙirgawa, amma ba ta daina ban ruwa ba. Dattijon ya ce in shirya, da ruwa ya sauka mu sake auren, ya ce wannan karon mu kewaye da waya. Na ce to. Ban sani ba ko ta gane, ban kuma da ƙarfin halin tambaya.

Kullum da safe in ta juye buta ta huɗu, sai ta dafa sandarta ta tsaya, ta ce, "Ya nuna?"

Ni kuma in ce, "Da saura, Inna."